Wayar Buji ta Huɗu

Mahaifina bakanike ne a Madawa, kuma abin da aka san shi da shi kunne ne. Ba ya tambayar direba me ke damun mota. Sai ya ce a tayar da ita, ya tsaya gefe ya karkata kai kamar mai jin gulma ta bayan danga, can ya ɗaga yatsa ya nuna wuri. Direbobin motocin kasuwa masu bin Bangi da Buza har Tamaske sukan wuce gareji uku su zo gindin dogon-yaron da yake aiki a ƙarƙashinsa.

Ni ne ɗansa na fari, don haka ni aka fara gwadawa. Ina da shekara goma sha biyu ya tsayar da ni gaban wata tsohuwar a-kori-kura ya yi mini karatun da yake yi wa kowa. Inji mai buji huɗu, wato fulogin da ke ba shi wuta, in ji shi, mata huɗu ne ke lugude a turmi guda. Kowace da lokacin da taɓaryarta ke sauka. In ɗaya ta tsallake, sauran ukun ba za su tsaya ba, amma dakan zai yi ɗingishi. Yakan zare wayar buji ɗaya a ɓoye ya ce in faɗa masa ko matan sun cika. Ni dai ƙara kawai nake ji. Rani guda muka kwashe a haka, ran nan ya goge hannu da tsumma, ya ce wa mahaifiyata a gabana, “Wanga ba shi da kunne. A bas shi ga lakol.”

Aka bar ni ga lakol, wato makarantar boko, na zama malamin makaranta, aka kai ni Buza. Tun daga nan Mushe yake kirana, wato malam da Faransanci, kamar yadda ƴan aji ke kirana, sai dai nasa yana da ɗan jela na ba'a. Maganar kunnen ta yi mini zafi a lokacin, kuma ba zan yi ƙaryar cewa ta daina ba.

Shekarar da nake son ba da labarinta na haura arba'in. Na zo gida babban hutu, damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai. Na tarar da wasu ƴan canje-canje da ban ɗauke su bakin komai ba. Rediyonsa ana jin ta daga bakin titi. A masallaci ya koma sahun gaba, daf da bayan liman. In an ce masa ina gajiya, wani lokaci sai ya ce suna lafiya. Mahaifiyata ta ce sai ta yi kira uku yake waigowa, amma mutum ne da ko can baya ba ya amsa kiran farko, duk muka bar abin a matsayin halin tsufa ya hau kan halin da. A gareji kuwa na lura ya samo wata sabuwar tsayuwa: in an tayar da mota sai ya shimfiɗa tafin hannunsa a jikinta, ya jingina, ya lumshe ido. Na ɗauka bayansa ne ke ciwo.

Wata Laraba da hantsi ina zaune kan benci ina duba jarida, sai ga jar mota ta shigo. Ƙofa biyu gare ta, kujera biyu, gajera ƙwarai, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Irin motar da aka ƙera don gudu a kan kwalta mai santsi, ba don hanyar da jakuna ke kauce wa ramukanta ba. Ba sabuwa ba ce, amma an yi mata wanka da fenti har tana ɗaukar ido. Mai ita saurayi ne ɗan wani attajirin albasa na Tamaske, yana zaune Abijan, ya sayo ta ya kawo gida don a gani. An kuwa gani. A hanyar komawa Abijan, bayan ta sha girgiza a kan jar ƙasar nan mai tudu-tudu da direbobi ke kira eskaliye, wato matakala, sai ta fara fizga. Tana tafiya lafiya, sai ta yi kamar an riƙe mata ƙafa, sai ta sake. A hawan duwatsun Buza har wani mai amalanken shanu ya kusa wuce shi, kuma ina jin wannan ya fi komai ƙona masa rai.

Ya ce a wani gari an ce masa esansin kwalba ne, fetur ɗin bakin titi, ya sha ruwa, aka zubar da tanki guda. A wani garin aka canza masa matatar mai. Ba abin da ya sake.

Kafin ya gama bayani wurin ya cika. Direbobi, masu facin taya, tsofaffin da ke zaman dara a inuwar, har mai shayi ya bar tukunyarsa. Ba kullum ake ganin irin wannan mota a Madawa ba, kuma kowa yana so ya ga yadda tsohon zai yi da ita.

Baba ya ce a buɗe kapo, murfin injin, a tayar. Aka buɗe. Buji shida ne, wayoyinsu shida baƙaƙe a jere. Ya matsa, ya ɗaga hannu zai shimfiɗa a gefen motar yadda ya saba, sai saurayin ya yi wuf ya tare.

“Baba, don Allah a yi hanƙuri, kar a ɗora hannu bisa jikinta. Sabon henti na, ko sati ukku bai yi ba.”

Aka yi dariya. Baba ya dubi hannunsa, baƙi ƙirin da man inji, ya mayar da shi baya. Ya tsaya ya karkata kai kamar kullum. Na san tsawon wannan tsayuwa tun ina yaro, ba ta wuce a karanta Fatiha sau biyu. Ran nan ta wuce. Injin ya yi zafin da ba a iya taɓa shi, motar kuma ba irin masu kaɗuwa ba ce da za a ga murfi na rawa. Yana tsaye, mutane na jira, yatsan bai ɗagu ba.

Can ya zagaya bayan motar kamar mai duba lamba, ya tsuguna, ya tara tafinsa a bakin salansa, bututun hayaƙi, ba tare da ya taɓa ƙarfen ba. Ya ɗan jima. Ya miƙe ya dawo gaba.

“Ba isansi na ba,” ya ce. “Guda cikin matan ta ka barin daka.”

Tsofaffin suka gyaɗa kai, sun san yarensa. Saura a san wace ce cikin shidan. Hanyar ganowa ba ɓoyayya ba ce, ko ni da aka kora na san ta. Ana barin inji yana aiki a hankali, a riƙa zare wayar buji ɗaya bayan ɗaya. In ka zare ta mai aiki, muryar inji za ta faɗi nan take. In ka zare ta wadda dama ba ta aiki, ba abin da zai canza. Aikin duka na saurare ne, kuma mai zare waya a gaba ba zai iya tara hannu a salansa a baya ba.

Ya ɗauko awartakinsa mai hannun roba, don wayar na fizgar mutum. Sai ya waiwayo wajen benci.

“Mushe, taho nan. Shekara talatin kana cin alli. Yau mu gani ko kunnen ya toho.”

Wurin ya kece da dariya. Na ji kunya, na ji haushi, na ce a raina tsohon nan bai gaji da ni ba har yau. Na ninke jarida na zo na tsaya gefensa.

“Can za ka tsayawa,” ya nuna ɗaya gefen injin, inda za mu fuskanci juna. “Ni ka hidda waya, kai ka hwaɗin abin da kaj ji. In murya ta sake, ka ce ta sake. In ba ta sake ba, ka ce. Kuma ka dube ni in za ka magana, ban son ladabin ƙarya.”

Tun da na yi wayo ban taɓa yi wa mahaifina magana ido cikin ido ba. Haka aka rene mu, haka shi ma ya so. Na ɗaga kai na dube shi, sai na ga ba idona yake kallo ba, bakina yake kallo. A nan rediyon, da sahun gaba, da tafin hannu a jikin mota suka haɗu mini wuri guda. Ba jarrabawa yake yi mini ba. Ba ya jin injin, kuma a duk taron nan ba wanda ya sani sai ni da shi. In na kuskure, zai tabbatar da kuskuren a gaban mutanen da shekara arba'in suke rantsuwa da kunnensa.

Tsoro ya kama ni sosai.

Ya zare ta farko. Injin ya yi ƙasa, ya yi kamar zai mutu.

“Ta sake,” na ce, ina buɗe baki fiye da yadda maganar ke buƙata.

Ya mayar. Ta biyu, ta sake. Ta uku, ta sake. Waɗannan ko mai shayi ya ji su. Ya kama ta huɗu ya zare. Kamar ta sake, kamar ba ta sake ba. Ɗingishin dama ba kullum ba ne, yana zuwa yana tafiya, ga surutun mutane, ga wata babbar mota na wucewa a titi.

“Sake hidda ta, Baba.”

“Mushe na son a maimaita mai tambaya!” in ji wani tsohon direba. Aka sake dariya. Baba bai yi ba, bai ma san an yi magana ba. Ya mayar da wayar, ya jira, ya sake zarewa. Na rufe ido, na daina neman ƙara, na nemi dakan da ya faɗa mini tun ina yaro. Sai na same shi can ƙasa: biyar na sauka, wuri ɗaya babu kowa. Wayar na ciki, wayar na waje, gurbin nan yana nan.

Na buɗe ido. “Ba ta sake ba.”

Ya bi ta biyar da ta shida don cika ƙa'ida, duka suka sake. Ya dawo ya ɗora bakin awartakin a kan ta huɗu.

“Ka tabbata?”

Ban taɓa jin ya yi wa wani mahaluki wannan tambaya a kan mota ba. Na ce na tabbata, alhali rabin tabbaci nake da shi.

Ya sa aka kashe injin. Ya ciro wayar, ya leƙa cikin robar da ke bakinta, ya juya ta wajen haske. Ɗan ƙarfen da ke kama kan buji ya wage baki, ya yi baƙi da ƙuna. Girgizar hanya ta sassauta shi, yana taɓawa yana saki, wuta na tsalle a banza. Ya nuna wa saurayin, ya nuna wa tsofaffin. Ya kankare baƙin da tsinin wuƙa, ya matse ƙarfen da awartaki, ya tura wayar kan bujin har ta kama. Ya bi sauran biyar ya danna kowace da babban yatsa. Tankin esansin da aka zubar da matatar da aka canza duk a kan wannan ɗan ƙarfe ne, wanda bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba.

Aka tayar. Muryar ta fito sumul, ba gurbi. Mutane suka ɗauki kabbara da tafi, saurayin ya danna totur har tantabaru suka tashi daga kan dogon-yaro. Na ga Baba ya saci kallona tukuna. Na ɗan gyaɗa kai, sannan ya juya ga taron.

“To, ga ta nan. Shi kau Mushe, shekara talatin kahin shi ji guda. In Allah ya ba shi rai, nan da wasu talatin ya ji ta biyu.”

Suka yi dariya, ni ma na yi. Na daɗe ina jiran ranar da zai ce ina da kunne. Bai ce ba, kuma na tarar ba na son jin ta ta wannan hanya.

Saurayin ya ja motarsa ya nufi kwalta, yara na bin ta da gudu. Aka kira azahar, wurin ya watse. Baba ya tsuguna bakin tsohon bokitinsa yana cuɗa hannu da yashi da garin sabulu. Ina tattara jaridata ya kira ni, ba da muryar taro ba.

“Mushe.”

Na zo na durƙusa gabansa.

“Ban taɓa aiki ga irinta ba,” ya ce. “Da tad daidaita, ƙaƙa kukanta?”

Na sunkuyar da kai yadda na saba, na ce masa kamar mata shida ne a turmi guda, ba wadda ta riga wata, kuma taɓarensu ba su da nauyi. Da na ɗago, hannuwansa na cikin bokitin, yana nan yana jiran amsa. Sai na matso, na dube shi sosai, na sake faɗa masa a hankali.