Dutsen da Na Tura a Garwashi

Ni ne wawan da ya taɓa hura wa dutse wuta, kuma lokacin har na yi gemu.

Jiya 'yan makaranta suka zo gonarmu ta Simsim da malaminsu, riƙe da 'yan gudumomi, suna neman icen da ya zama dutse. Da malamin ya tsinci ɗaya ya shafa masa yawu, sai Baffa, yayan babana, ya faɗo mini a rai. Haka yake yi: ya lashi babban yatsa, ya goga, zanen ice ya fito ja kamar shayi.

Akwai wani irin dutsen da ya fi ƙauna, kullum yana aljihun jallabiyarsa, yana cewa da can ice ne. Wata rana muna yankan riɗi, ya ajiye shi ya tafi alwala. Na ce wa ma'aikata, "In ice ne, yau shi zai dafa mana gahawar jabana!" Na tura shi cikin garwashi. Sai ji muka yi tas, ya rabe uku. Dariya ta tsaya.

Baffa bai zage ni ba. Ya durƙusa ya kwashe gutsattsarin da zafinsu, yana hura musu iska kamar mai lallashin ciwo.

Jiya malamin ya tabbatar mini gaskiyar Baffa ce, ga shi ba wanda zan kai wa labari. Allah ya sanyaya makwancin Baffa, ya ba shi inuwar itatuwan Aljanna.

Maganar da ya yi ranar da dutsen ya fashe, har ya rasu ban amsa ba: "Ɗana, ai kai na ajiye wa shi."