Mutumin Yusufari a Layin Fasfo

Na zo ofishin jakadancinmu na Riyad mayar da fasfon 'yata da ta rasu. Dattijon da ke gabana ya zo sabunta nasa. Siminti ya cinye zanen yatsunsa. Yana rubuta "Borno" a fom, yana danna biro sosai.

"Baba, Yusufari ta koma jihar Yobe tun bara," in ji ma'aikacin. "Sai ka kawo takardar ƙaramar hukuma."

"Ɗana, kafilina, ubangidan da nake wa aiki, ba zai bar ni in fita daga Riyad ba. Igamata kuma, takardar izinin zamana, saura wata guda ta mutu."

Ya dawo benci yana murza hularsa. Ina jin ya shekara goma bai taka garinsu ba.

"Malam," ya ce mini, "ina ne hedikwatarmu yanzu?"

"Damaturu."

Yana ta maimaita sunan a hankali, kada ya manta.