Ɗan Tiyon da Ya Tsage a Motata

Jama'a, yau na yi kuka a garejin mota!

Kun san tsohuwar motata, wadda ta mutu da mu a hanyar Ruwan Godiya ranar da zan kai mahaifiyata asibiti. Kafin mu samu wata motar, Inna ta cika. Tun daga nan na canza fulogi, na canza famfon mai, duk a banza. Sai motar ta yi ta kakkarwa, ta mutu.

Yau na lallaɓa ta zuwa Mairuwa, wajen Baba Sule, tsohon makanike. Ashe idonsa ya mutu! Ya ce, "Tada ta, ɗana." Ya kara kunne kusa da inji, ya ce, "Ka ji wannan huci? Iska take sha, mai ba ya isar ta."

Ya lalubo wani ɗan tiyo, ashe tiyon ya tsage! Aka sa sabo, inji ya kwanta luf. Ko minti biyar ba a yi ba, wallahi.

Ya ce, "Yanzu ko Ƙanƙara za ta kai ka."

Na ce, "Baba, to wa zan kai?"