Ɗinkin da ke hammatata

Ban gaya wa kowa ciwona ba. Ƙari ne ɗan ƙanƙane a wuyana, mayafi na rufe shi, kuma ni na tsani a riƙa kallona da idon tausayi. Da babban ɗana ya turo takardun tafiya daga ƙasar da yake aiki, sai na ce wa mutanen ƙauyenmu na kusa da Abu Hujar ziyara zan je. Har aminiyata, wadda muka shekara talatin muna tsinkar auduga kafaɗa da kafaɗa, haka na ce mata.

A can aka yi mini amaliya, wato tiyata. Likitan bai ko tsaya a kaina ba, yana zaune gefe yana sarrafa wata na'ura mai siraran hannuwa, ita ta bi ta hammatata ta ciro abin. Wai don kada wuyana ya yi tabo. Ni tsohuwa, wa zai duba wuyana?

Ina kwance mijin aminiyata ya rasu. Aka yi zaman makoki aka tashi ba ni. A wajenmu wannan ba ƙaramin laifi ba ne.

Da na dawo na faɗi gaskiya. Mata suka shigo gaisuwa, kowace ta kalli wuyana sumul, ta kalli ta kusa da ita. Wata ta ce, "Ikon Allah! Yanzu har yanka ake yi ba wuƙa?" Suka sha shayi suka watse, ba wadda ta sake leƙowa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni zan ɗaga wa taron mata hammata? Allah ya kiyaye!

Amma aminiyata kam sai da na je wurinta. Na same ta a ɗaki tana takaba, ta rame. Na yi mata gaisuwa, ta amsa a daƙile. Na tura ƙofa, na zame riga, na ɗaga hannu.

"Duba, 'yar'uwa. Wallahi ba yawo na tafi ba."

Ta daɗe tana kallon ɗinkin, har ta shafa shi da yatsa. Sannan ta gyara mini rigata.

"Na san ba kya ƙarya," in ji ta. "Wata nawa kina ɗauke da shi?"

Na ce bakwai.

"Kullum muna tare. Ni ko ciwon haƙori na yi, ke nake fara gaya wa."

Ta koma kan tabarmarta ta ɗauki carbi. Na zauna har la'asar, ba ta kore ni ba, ba ta kuma ajiye carbin ba.