Wayoyin da Baba Ya Ɗaure

Babana mai haɗa wutar gidaje ne, shekara talatin da takwas yana wannan sana'a. Injiniya ake ce masa a unguwa, ko da yake ƙofar jami'a ma bai taɓa takawa ba. Abin alfaharinsa ɗaya ne: ba a taɓa kwance aikinsa ba. Waya in ta bi ta hannunsa sai ta miƙe samɓal, a ɗaure tamau kamar sabon kitso. Mu kanmu 'ya'yansa, da zai samu dama, da ya jera mu a bango ya ɗaure.

Ni kuwa labaran yara nake karanta wa wani gidan rediyo, daga gida nake ɗauka in tura musu. Ɗakin ajiyar kayanmu na gyara: tsofaffin katifu biyu a jikin bango, tebur, kwamfuta, makirfo. Wayoyi birjik a ƙasa, amma murya tana fita tas. Na yi tafiyar kwana uku, na dawo na tarar Baba ya yi mini gwaninta. Ya haɗe wayar intanet da ta fito daga falo da wayar makirfona, ya ɗaure su da igiyar roba taƙi-taƙi, tun daga ƙofa har tebur. Wa ya aike shi?

Daga ranar nan sauro ya shiga muryata. Wani siririn kuka ne a ƙarƙashin kowace kalma, kuma da zarar ƙanwata ta kunna bidiyo a falo sai ya ƙara da ƙyas-ƙyas. Sau biyu aka dawo mini da aiki. Shugabar shirin ta ce in na Juma'a ya zo a haka, za ta ba wata gurbina. Mai kula da sautinsu ne ya tausaya mini, ya ce wayar makirfo mai araha kwasar duk abin da ke gudu a maƙwabciyarta take yi, in raba su kawai.

Na samu Baba a tsakar gida yana goge filayarsa.

"Baba, ɗaurin nan ne ke ɓata mini aiki. Zan kwance."

"Aikina za ki kwance, Uwata? Gidaje nawa na haɗa kafin a haife ki?"

"Wannan ba wutar gida ba ce, sauti ne."

"Waya waya ce."

Raina ya ɓaci iya ɓaci. Shekara biyu ina bin gidan rediyon nan kafin su saurare ni, yanzu taurin kan tsoho zai raba ni da su saboda a ce bango ya yi kyau. Na ja shi har ɗakin, na ɗora masa abin sauraro a kunne, na ƙure ƙara. Ni da ke tsaye a gefe ma ina jin sauron.

Ya saurara ya daɗe, ya cire. "Tas yake. Ba komai a ciki."

Wallahi ji na yi kamar in fasa kwamfutar. Ya juya yana shafa ɗaurinsa, ni kuma a bayansa na faɗi abin da ban taɓa faɗa masa ba. Na ce girman kai ne, na ce ya gwammace in rasa aikina da a ce ya yi kuskure, na ce ƙarya yake yi, ya ji sarai. Na gama na tsaya ina jiran ya juyo ya wanke ni da mari.

Bai juyo ba. Yana nan yana gyara bakin wata igiya da ta karkace.

Sai rediyon da yake ƙure wa ƙara ya faɗo mini a rai, da sallamar baƙi da ya daina amsawa, muna ta cewa miskilanci ne.

Da ya waiwayo ya ga fuskata, ya daɗe yana kallona. Ya zaro filaya daga aljihu, ya durƙusa, ya bi igiyoyin nan yana datsewa ɗaya bayan ɗaya. Ya ja wayar intanet ta bi wancan bangon, ya bar ta makirfo ita kaɗai a ƙasa, a karkace. Sannan ya miƙo mini abin sauraron.

"Ke ki ji mana, Uwata," ya ce. "Ya tafi?"