Wurin da na ɗauko a Karaye

Ana idar da sallar asuba muka bar Sakkwato, mu uku, duk malaman tarihi. Labari ya iso mana cewa manoman albasa a Karaye, ta ƙasar Maiyama, sun tono wani tsohon jirgin ruwa suna haƙa rijiya a fadama. Na yi shekara da shekaru ina koya wa ɗalibai yadda mutanen tsibiran teku na can da suke sassaƙa icce su tsallaka ruwa, suna fatauci daga tsibiri zuwa tsibiri, alhali ko kwalekwale ban taɓa shiga ba.

Tun kafin mu shiga Aliero warin albasa ya tarbe mu. Kuɗin mota kuwa ya hau, har ɗaya daga cikinmu ya ce ashe ba a banza magabata suka zaɓi ruwa ba. A Jega muka karya da masa da miyar taushe, muka yi kudu. Daga Maiyama sai babur.

Da hantsi muka isa. Jirgin na kwance cikin ramin, baƙi ƙirin, icce guda ne ba ƙusa ko ɗaya, a wurin da yau babu ruwan da zai kai idon sawu. Rana na dukanmu, amma sanyi ke fitowa daga ramin kamar an buɗe randa. Kusa da shi akwai fasasshiyar tukunya cike da wuri, irin farin kuɗin nan na mutanen da. Wuri ba abin gulbi ba ne, daga tsibiran teku yake, hannu zuwa hannu har ya iso nan. Zuciyata ta raya mini in nuna wa ɗalibai, na faki ido na jefa ɗaya aljihu.

Sai ga wani dattijo, jikan masunta, ya zo ya tsaya a bakin ramin. Ya ce kakanninsa sun faɗa musu nan matsayar jirage ce. Duk wanda zai tafi fatauci ta ruwa sai ya ajiye wuri ɗaya a tukunya, ran da ya dawo ya ɗauke abinsa.

"Waɗanga da kuka gani, masu su ba su komo ba," in ji shi. "Kowa ya ɗauki guda, ya hwaɗi ma mai shi lokacin tahiya gida ya yi."

Kunya ta kama ni. Na ce a raina camfi ne.

Da muka dawo Jega da azahar, mai abinci ta jera mana kwano huɗu. Muka yi dariya, muka mayar da ɗaya. A tasha direba ya leƙo ya ce mu huɗun nan mu matsa baya. A Aliero muka tsaya sallar la'asar, wani bawan Allah ya miƙo mana buta huɗu, yana tambaya ko abokinmu a gulbi ya faɗa, tunda rigarsa sharkaf take. Na waiwaya, ba kowa. Aljihuna kuwa ya jiƙe har cinya. Nan tsoro ya kama ni sosai, na faɗa wa abokan tafiyata gaskiya. Babu wanda ya yi mini tsiya, muka juya.

Kafin magariba na mayar da wurin cikin tukunya da hannuna. Dattijon bai yi mini faɗa ba, tambaya kawai ya yi: "Har ina kunka kai da shi?"

"Aliero, Baba."

Ya jinjina kai. "Ashe mutumin arewa na. Ya kusa."

Washegari muka iso gida lafiya, kuma duk inda muka tsaya mu uku aka gani. Na koyi kame hannuna daga abin da na tarar a ajiye, ko ya shekara dubu. Amma na zaci sauƙi zan ji, sai ga shi tausayi ne ya cika ni. Wani ya daɗe yana jiran wanda zai kai shi gida, ni kuma na kawo shi rabin hanya na mayar.