Tururuwa a Cikin Ludayi

A ƙauyenmu, kusa da Hawandawaki, in cikin jariri ya ɓaci, uwarsa ake fara kallo. Na san da haka tun ina budurwa, amma ban taɓa damuwa ba sai da abin ya zo kaina.

A lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Mu dai abin da muka gani shi ne gyaɗa ta yi daraja, har gonakin hatsi aka raba aka ba ta rabi. In lokacin cirarta ya zo, gari yakan watse. Maigidana yakan fita da sassafe, sai magariba ya dawo, ƙasa har cikin kunne, ba shi da zance sai na buhunan da za a kai Tasawa. Gidan ya rage daga ni sai uwarsa, wadda nake kira Inna, da 'yata, da awaki a turke.

Yarinyar ita ce ta fari a wurina, kuma kowa ya san kunyar ɗan fari. Ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa a gaban mutane, in ta yi kuka sai in yi kamar ban ji ba har Inna ta miƙo mini ita. A ido, 'yar Inna ce, ni mai ba da nono ce kawai. Ina sonta kamar raina, amma ba ni da bakin faɗa.

Ta fara rarrafe ke nan, duk abin da hannunta ya taɓa a tsakar gida sai ya je baki, har da abin da awaki suka zubar. Da zawo ya kama ta, sai aka ce haƙori ne. Muka zuba ido, haƙori bai fito ba, zawo bai tsaya ba. Ruwa ne tsagwaronsa, ina wanke tsumma ina shanyawa, kafin ya bushe ta ɓata wani.

Wata hantsi Inna ta zauna bakin ɗakinta da ludayi a hannu, ta ce, "Ke, matso nan. Tatso mini kaɗan."

Na tatsa mata nonona a ludayin. Ta duƙa ta tsinci tururuwa a gindin danga, ta jefa a ciki. Haka ake gwajin nono a wurinmu: in tururuwa ta fita da ƙafarta, nono lafiyarsa lau, in ta mutu, ya ɓaci. Ban taɓa yi wa ƙwaro addu'a ba sai ranar. Ta yi ta wutsil-wutsil, ta nufi gefen ludayi, ta sulluɓe, ta sake, daga nan ta yi shiru.

Inna ta ce, "To, kin gani. Nononki ya ɓaci, shi ke gudar da cikin ɗiyar nan. Daga yau ba ki ba ta sai an gyara shi."

Ba mugunta ba ce, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Inna ta fi kowa rawar jiki a kan yarinyar. Ita ta jiƙa mini sassaƙe mai ɗacin da har yau in na tuna sai bakina ya yamutse, ita kuma ta zaɓi jar akuyarta, wadda ta fi sauran nono, ta ce ita za ta riƙe jikarta kafin nawa ya dawo daidai. Takan tatsa a ƙoƙo, ta ɗura wa yarinyar da ɗuminsa, ba dafawa, don a ganinmu abin da ya fito daga hantsa yanzu-yanzu babu abin da ya fi shi tsabta. Ruwa kuwa ta hana a ba ta, wai mai zawo in ya sha ruwa ƙara masa gudu yake yi.

Akuyar tana da ɗa ƙarami, shi ma cikinsa yana gudu. Wutsiyarsa kullum a jiƙe, yana kwanciya jikin uwarsa yana ɓata ta har hantsa. Inna takan goge masa gindi da toka, ta karkaɗe hannu, ta juya ta kama tatsa. A gabana ake yi, kuma ban ga komai a ciki ba. Sai bayan shekaru masu yawa, a wani zama da aka tara mata a likita, wato asibiti, a Tasawa, wata ma'aikaciya ta yi mana bayanin wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, masu zama a hanjin mutum da na dabba. Ta ce yawancinsu ba ruwansu da kowa, amma akwai miyagu a cikinsu masu sa zawo, suna fita tare da kashi, su bi hannu da ƙoƙo da ruwan sha su shiga wani cikin. Matan da ke kusa da ni suna ta gyangyaɗi, ni kuwa jar akuyar nan kawai nake gani.

Yarinya ta ƙara lalacewa. Idanunta suka zurma, maɗigarta ta faɗa, kukan ma ya koma kamar na ɗan kyanwa. Ni kuma ƙirjina ya cika ya yi tauri, rigata tana jiƙewa, in na ji muryarta sai nonon ya zubo da kansa. Nakan je bayan rumbu in tatsar a ƙasa ina kuka. Abincinta ne nake zubarwa, ita kuwa tana can tana bushewa. Na gwada yi wa maigidana magana, ya ce wannan sha'anin mata ne, Inna ta raini 'ya'ya kafin a haife ni. Gaskiya ya faɗa, amma na ji haushinsa ƙwarai.

Rannan da safe na fito shara, na iske ɗan akuyar a miƙe gindin turke, ƙudaje sun rufe shi. Uwar tana tsaye tana shinshinarsa. Ga Inna tafe da ƙoƙonta, ta ture gawar da ƙafa, ta tsuguna za ta tatsa.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Inna, ita wannan wa ya gwada nata?"

Ta ɗago ta dube ni kamar tsintsiyar hannuna ce ta yi magana. Ta ce, "Mi kika ce?"

Na ce, "Ɗanta nonon nan ya sha, ga shi nan kwance. Ni anka gwada nawa. A gwada nata in gani."

Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa mayar mata da magana ba, balle a kan 'yar fari. Na ɗauka za ta ce ba ni da kunya, ta aika a kira uwata. Amma Inna mace ce mai taurin kai da son gaskiya, kuma ta yarda da gwajinta. Ta ce in ɗauko ludayi, yanzu za ta rufe mini baki. Ta tatsa, ta jefa tururuwa. Tururuwa ta yi iyonta ta mutu. Ta ce wannan dama raguwa ce, ta tsamo ta, ta nemo wata ƙatuwa. Ita ma ta bi 'yar'uwarta.

Inna ta daɗe tana kallon ludayin. Sai ta kifar da shi a ƙasa, ta shiga ɗaki, ta fito da yarinyar ta ɗora mini a cinya. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ba ta."

Na ba ta, ta kasa kamawa. Bakinta a bushe, kanta yana lanƙwashewa baya. Tsoron da na ji a lokacin ya fi na dukan kwanakin da suka wuce, don na ga kamar na makara. Inna ta tallabe mata kai, ni ina matsa mata a baki ɗigo-ɗigo. Can sai maƙoshinta ya motsa. Muka ci gaba da haka har rana ta take, sannan na ji ta kama, da kyar, ta ja kaɗan ta saki, ta sake kamawa. Inna ta tashi ta ɗora tukunya, ta dama kunu tsararo da tafasasshen ruwa, muna ba ta tsakanin shan nono. Maganar hana ruwa ba wanda ya sake tayar da ita.

Zawon bai tsaya nan take ba, amma ya fara ja da baya. Duk da haka Inna ba ta saki fuska ba. Bini-bini sai ta zo ta tura hannu ƙarƙashin yarinyar, ta girgiza kai. Da na tambaya, ta ce, "Tun shekaranjiya ba ta yi hitsari ba. Sai na ga hitsari hankalina shi kwanta."

Washegari da la'asar ina zaune a inuwar rumbu, yarinyar a cinyata tana sha, sai na ji ɗumi yana bin zanena, ya gangara har ƙafa. Na taɓa, na shinshina, na ƙwala wa Inna kira. Ta zo da gudu da muciya a hannu, ta taɓa ita ma, sai ta ɗaga kai ta rangaɗa guɗa. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta saman danga tana tambaya wa ya haihu. Inna ta ce, "Hitsari anka yi muna!" Ni dariya nake yi, hawaye suna zuba a kan yarinyar, ita kuwa ko a jikinta, shan nononta kawai take yi.

Inna ta ce in kawo ta in je in sake zane. Na ce a bari ta ƙoshi tukuna.